Gajeren bango ko dogon bango: wanne za ka biya wa kuɗinka a zauren hawa?

A shekarata ta biyu a Sheffield ta Ingila wani abokin aikina ya ja ni zauren hawan bango. Hunturu ne, irin lokacin da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufe gari, ni kuwa tun da na daina buga ƙwallon Asabar tumbi ya fara yi mini sallama. Kunya ce kawai ta sa na bi shi. A raina cewa nake, mutumin da ya tashi yana hawan mangwaro da katangar makaranta, ya kuma hau Dala ba sau ɗaya ba, wane bangon katako ne zai gagare shi? Minti ashirin da shigarmu na kasa buɗe murfin gorar ruwa. Hannayena daga gwiwa zuwa wuyan hannu sun kumbura sun sandare kamar ice. A gefena wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta haye hanyar da na faɗo daga kanta sau huɗu, ta sauko tana hamma.

Yau shekara uku ke nan ban daina zuwa ba, kuma mutanenmu da dama, ɗalibai da masu aikin asibiti da na gidajen kula da tsofaffi, sun tambaye ni wane zaure ya fi kyau su shiga. Kafin a kai ga sunan zaure akwai zaɓi biyu da ke gaba: irin hawan da za ka yi, da yadda za ka biya. Na farkon ne ya fi nauyi, don haka a kansa zan daɗe.

Harkar ba ta tsufa sosai ba. Bangon da aka fi ambata a matsayin na farko shi ne wanda Don Robinson, malamin motsa jiki a Jami'ar Leeds, ya yi a 1964, inda ya liƙa gutsattsarin duwatsu a jikin bangon bulo domin masu hawan dutse su riƙa atisaye idan sanyi da ruwa sun hana fita. A nan Sheffield aka buɗe The Foundry a 1991, wanda aka fi sani da dogayen bangaye na igiya, sannan The Climbing Works a 2006, wanda duk girmansa gajerun bangaye ne zalla. Ba mamaki garin ya zama cibiya, tunda duwatsun Peak District, irin su Stanage Edge, suna nan bakin gari. A Landan akwai The Castle, a cikin wani tsohon gidan famfon ruwa mai kama da fadar sarki a titin Green Lanes, wanda ya haɗa iri biyun. Tun da wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, sannan wani matashi ɗan Birtaniya mai shekara 19, Toby Roberts, ya ci zinare a Paris a 2024, zaurukan sai ƙara cika suke yi.

Gajeren bangon shi ne ake kira bolda. Sunan daga manyan duwatsun nan ne da ke zube a daji, irin waɗanda kake gani gefen hanya in ka doshi Jos. Tsayinsa bai wuce mita huɗu zuwa huɗu da rabi ba, babu igiya, babu ɗamara, ƙasan zauren duk katifa ce mai kauri. A jikin bangon an ɗaure madafai na roba masu launi-launi da noti. Launi ɗaya hanya ɗaya ke nan: in ka fara da kore, kore kaɗai za ka dafa ka taka har ka kama madafar ƙarshe da hannu biyu. Masu hawan "matsala" suke kiran kowace hanya, kuma sunan ya dace, domin rabin aikin a zaune ake yinsa, kana kallon bango kana lissafin inda ƙafar hagu za ta je.

Shigarsa ba wuya ko kaɗan, kuma wannan ne babban abin da ya fi dogon bango da shi. Za ka cike takarda, a nuna maka ɗan bidiyo ko ma'aikaci ya zaga da kai, ka sa hannu cewa ka san wasan yana iya jawo rauni ko ma mutuwa, ka karɓi takalmin haya, shi ke nan. Ba ka buƙatar kowa. In ka tashi aikin dare kana da awa ɗaya kafin barci ya kwashe ka, za ka iya shiga ka fita. Kuma a ƙasar da mutum zai zauna kusa da kai a bas shekara guda bai ce maka sannu ba, katifar bolda na daga cikin wurare ƙalilan da baƙo zai juyo ya ce maka, "Gwada juya ƙugunka ga bango, ka ga." Yawancin Turawan da na saba da su a garin nan a kan katifar na san su.

Matakan wahala kuwa iri biyu za ka gani. Akwai mai harafin V, daga V0 zuwa sama, wanda ya fito daga Hueco Tanks a jihar Texas ta Amurka, harafin kuma daga laƙabin wani mai hawa ne, John Sherman. Akwai kuma na Faransa, mai lambobi irin 4, 5, 6A, wanda ya samo suna daga dajin Fontainebleau a kudu da Paris. Zauruka da yawa ma launi kawai suke amfani da shi. Kada lambar ta ɗauke maka hankali, domin V2 na wannan zauren yana iya zama V4 na wancan. Ya danganta da hannun masu ɗaura madafan.

To ga abin da sabon shiga ba ya ganewa sai ya faru da shi. Mutum yana kallon gajeren bango ya ce wannan ai ba hatsari, ya ɗaga kai ya kalli dogo ya ce Allah ya kiyaye. Amma a bolda kowace faɗuwa faɗuwa ce har ƙasa, kuma a zama ɗaya za ka faɗo sau ashirin ko talatin. Katifa tana tsare kai da baya, ba ta tsare idon sawu. A wata na huɗu na kama madafar ƙarshe ta wata hanya da na yi mako biyu ina fama da ita. Murna ta sa ban bi manyan madafan da aka tanada don saukowa ba, na saki hannu na diro ina waige in ga ko abokina ya gani. Ƙafar dama ta sauka a karkace, na ji wani ƙas a idon sawu, kafin in kai mota ya kumbura kamar gwanda. Mako shida ina ɗingishi, sallah ma a kan kujera na yi ta kwanakin farko. Laifin kaina ne, kuma da na fara ba da labari sai na tarar kusan duk wanda ya daɗe a bolda yana da nasa: idon sawu, gwiwa, ko wuyan hannu ga wanda ya kai hannu baya don ya tare faɗuwa.

Faɗuwar ma koyonta ake yi. Ka sauka da ƙafa biyu, gwiwa a sake, ka bar jikinka ya gangara baya ka kwanta, hannaye a ƙirji. In da hali ka sauko da ƙafarka ko da rabin bangon ne kafin ka saki. Kada ka bi ta ƙarƙashin wanda ke sama, kada ka ajiye gora ko waya a kan katifa. Ranar farko ka ɓata minti goma kana faɗowa da gangan daga ƙasa-ƙasa, ko da kana jin kamar ana kallonka. Ba wanda ke kallonka.

Dogon bango wata duniya ce. Tsayinsa kan kai mita goma zuwa goma sha biyar, wasu sun fi haka, kamar na Ratho kusa da Edinburgh da aka gina a cikin tsohon ramin fasa dutse. Za ka sa ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, ka ɗaura igiya a gabanta da ƙullin da ke kama da lamba 8. Igiyar ta hau can sama ta ratsa ƙugiya ta dawo ƙasa hannun abokin hawanka, shi kuma ya zura ta cikin wani ɗan ƙarfe da ke maƙale a ɗamararsa, yana janye ragowar yayin da kake hawa. In hannunka ya suɓuce ba faɗuwa za ka yi ba, zama za ka yi a iska, igiyar ta ɗan miƙe kamar taku ɗaya, ka huta ka ci gaba daga inda ka tsaya. In ka gama a sauke ka a hankali kamar guga a rijiya. Gwiwa da idon sawu ba su san an yi ba.

Saboda haka ga mai jiki, ko wanda ya haura arba'in, ko mai tsohon targaɗe daga ƙwallo, ko mace da ba ta daɗe da haihuwa ba kuma likita ya ba ta izinin motsa jiki, dogon bangon da ke ba da tsoro shi ne ya fi tausayin jiki. Wani dattijo da muke gaisawa da shi a wurin igiya ya ba saba'in baya, yana hawan hanyoyin da har yau ban iya ba, amma ya ce rabonsa da diro daga bangon bolda ya fi shekara goma.

Sai dai kuskure a igiya ba ya zuwa da sauƙi. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru daga sama ne. Kuma ba kayan ne ke tsinkewa ba, mutum ne ke mantuwa: ƙullin da aka fara ba a ƙarasa ba, ko mai riƙo da ya saki igiya yana hira. Lynn Hill, Ba'amurkiyar da a 1993 ta zama mutum na farko da ya haye hanyar The Nose a dutsen El Capitan na Amurka da ƙarfin hannu da ƙafa kaɗai, igiya don tsaro kawai, ta taɓa faɗowa fiye da mita ashirin a Buoux ta Faransa a 1989 saboda hankalinta ya ɗauke ba ta ƙarasa ƙullinta ba. Rassan bishiya ne suka rage mata faɗuwar, da sauran kwana a gaba. In gwana irin wannan ta manta, wane ne ni? Shi ya sa ƙa'ida ce kafin a bar ƙasa mai hawa ya duba ƙarfen mai riƙo, mai riƙo ya duba ƙullin mai hawa, kowane hawa, ko da sun shekara goma tare.

Wannan ne dalilin da ya sa ba a barinka ka shiga ɓangaren igiya haka kawai. A teburin karɓar baƙi za a ce ka sa ɗamara, ka yi ƙulli, ka nuna yadda ake riƙo. In ba ka iya ba, ko dai ka biya kuɗin darasi na 'yan awoyi, ko wani ƙwararren mamba ya sa hannu ya shigar da kai a matsayin baƙonsa, ya ɗauki alhakinka. Darasin ya cancanci kuɗinsa, kada ka yarda aboki ya koya maka a tsaitsaye. Ƙarfen riƙon ma iri biyu ne: akwai mai sauƙi wanda hannunka ne kaɗai birki, akwai mai taimakon birki da ke cije igiya in an fizge ta. Shahararren cikinsu shi ne GriGri na kamfanin Petzl, wanda ya fito a 1991. Sunan ya ba ni dariya da na ji asalinsa, domin kalmar da Faransawa ke kiran laya ce a Afirka ta Yamma. Wato Bature ma da layarsa yake hawa. Amma malamin da ya koya mana ya nanata cewa ko da GriGri ne, hannun birki ba ya barin igiya.

Babbar matsalar igiya ga irinmu ita ce abokin hawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ke aikin karɓa-karɓa, wannan makon dare wancan makon rana, da wuya ya samu wanda lokacinsu zai riƙa haɗuwa. Ba kowa za ka miƙa wa ranka ba kuma. Akwai batun nauyi ma: na fi uwargida nauyi sosai, ranar farko da na zauna a igiya sai da ƙafafunta suka bar ƙasa, ta yi salati da ƙarfi har aka juyo. Daga nan muka koyi maƙala mata buhun yashin da zaurukan ke ajiyewa don haka.

Akwai mafita rabi-rabi, wato injin riƙo da ake ratayewa a saman bango. Ka jawo madaurinsa ka maƙala ƙugiyar a ɗamararka, yana naɗewa da kansa kana hawa, in ka saki ya sauke ka a hankali. Ba ka buƙatar kowa. Illarsa biyu. Ba ya tsayar da kai a tsakiya, da ka saki sai ƙasa, don haka ba damar hutawa ka sake gwada wurin da ya gagare ka. Na biyu kuma shi ne mafi muni: tunda ba mai duba ka, mutane sukan manta su maƙala ƙugiyar gaba ɗaya, su hau har sama su saki. An yi asarar rayuka ta haka a ƙasashe daban-daban. Shi ya sa za ka ga an shimfiɗa wani babban ƙyalle mai kusurwa uku ya rufe madafan farko, sai ka cire ƙugiyar daga jikinsa kafin ka samu wurin taka ƙafa. In zaure yana da injin amma ba shi da wannan shingen, ni dai ba zan hau ba. Kuma kafin ka yi rajista don injin kaɗai, ƙirga layukansa. In huɗu ne ko biyar, cikin wata guda za ka haddace su.

Akwai mataki na gaba a igiya, inda mai hawa ke tafiya da igiyar daga ƙasa yana maƙala ta a ƙugiyoyi yana hawa. Faɗuwarsa ta fi tsawo, darasinsa daban, gwajinsa daban. Sabon shiga ya ajiye wannan sai bayan watanni.

Ta fuskar abin da jiki ke samu, bolda kamar tseren mita ɗari ne, igiya kuma kamar zagaye fili. A bolda motsi biyar zuwa goma ne masu tsanani, sai hutu na mintuna. Ƙarfin yatsu da kafaɗa da ciki yana zuwa da wuri, dabarar ƙafa ma haka, tunda kana maimaita wuri ɗaya har ka gane shi. A igiya motsi talatin ne ko fiye a jere, numfashi da juriya ake nema, da iya kwantar da hankali alhali ƙasa ta yi nisa. Wanda burinsa rage ƙiba ne kada ya dogara da ko ɗaya cikinsu shi kaɗai. Ni tumbina bai motsa ba sai da na rage tuwon dare.

Yatsu kuwa a yi hattara da su, musamman a bolda inda madafai ke ƙanƙancewa da sauri. Tsoka tana ƙarfi cikin makonni, jijiyoyin yatsu sai sun ɗauki watanni da yawa. Akwai wasu 'yan zobba na jijiya da ke riƙe igiyar yatsa a jikin ƙashi, su ne ke yagewa in mutum ya matsa wa ƙaramar madafa da dukkan nauyinsa, galibi a yatsan zobe ko na tsakiya. Kwana biyu ko uku a mako ya isa, da hutu a tsakani. Allon rataye yatsu da bangayen atisaye masu fitilu irin MoonBoard, wanda Ben Moon na nan Sheffield ya ƙirƙiro, ka bar wa waɗanda suka shekara. A cire zobe kafin a hau, na azurfa ne ko na aure, domin in ya maƙale a madafa fatar yatsa yake tafiya da ita. A yanke farce.

Tambayar da mata suka fi yi wa uwargida ita ce ta sutura. Hijabi ba ya hana hawa. Aries Susanti Rahayu 'yar Indonesiya da ɗankwalinta ta kafa tarihin duniya a tseren hawa a Xiamen ta ƙasar Sin a 2019, ta haye bangon mita 15 cikin daƙiƙa 6.995, mace ta farko da ta sauko ƙasa da daƙiƙa bakwai. Abin da ake buƙata shi ne hijabi na zurawa, marar fil ko allura, a cusa bakinsa cikin riga don kada ƙarfen riƙo ya cije shi. Amma a faɗi gaskiya, a nan bolda ta fi sauƙi: wando mai faɗi da doguwar riga har gwiwa sun wadatar. Ɗamarar igiya dole ta zauna a saman ƙashin ƙugu ta kuma kama cinyoyi, ba ta hawa kan abaya ko zani, tana tattare riga, ga kuma mutane a ƙasa suna ɗaga kai. Uwargida takan sa wando mai kauri sosai da faɗi, ta zaɓi layin da ke lungu. A ɗaya ɓangaren kuma zaurukan bolda sun fi samari da kiɗa, a wasu ma maza kan tuɓe riga in zafi ya yi. Zauruka da yawa suna da zama na mata zalla ko ƙungiyar mata a wani dare na mako, a tambaya tun ranar farko. Maza kuma, wandon kaftani mai tazuge ya yi daidai, rigar ce dai za a bari a gida.

Sallah ba ta taɓa zama mini matsala ba. Duk inda na tambaya an nuna mini ɗakin motsa jiki ko wani lungu mai tsabta. Allin da ake shafawa a hannu don gumi ruwa yana wanke shi tas kafin alwala. Akwai na ruwa da ake haɗawa da sinadarin barasa don ya bushe da sauri, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba ya sayi na gari. Takalmin haya kuwa ka zo da safa siririya, ƙafafu da yawa sun riga ka shiga.

Masu yara su lura: zauren bolda ga yaro ɗan shekara biyar filin guje-guje ne, kuma babba mai kilo tamanin yana iya faɗowa a kansa. In za ka kawo su, to ranar ba hawa ka zo yi ba, gadi ka zo. Ajin yara na mako-mako da malami ya fi, kuma a Birtaniya akwai tsarin NICAS da ke ba su shaidar mataki-mataki.

Sai kuɗi. Hanyoyin biya kusan iri ɗaya ne ko'ina: biyan shiga sau ɗaya, katin shiga goma mai ɗan ragi, rajistar wata-wata da ake cira daga asusun banki, da kwantiragin shekara. Lissafin ba wuya. A ce shiga ɗaya fam 14 ne, wata kuma fam 56, misali kawai nake bayarwa. Ka raba, huɗu ke nan. In kana zuwa sau ɗaya a mako ba ka ci riba ba, ba ka faɗi ba. Sau biyu a mako, rajista ta biya kanta har da ƙari. Abin da ke rusa lissafin shi ne mutum yakan ƙirga zuwan da yake fata, ba wanda zai yi ba. A mako na biyu, ina cikin zumuɗi, na sa hannu a kwantiragin shekara a wani zaure saboda kuɗin watansa ya fi araha. Da na yi targaɗe na je neman a dakatar, sai aka nuna mini layin da ban karanta ba, cewa sai an ba da sanarwa tun kafin ranar cire kuɗi. Wata biyu ana cira ina zaune da ƙafa a kan matashi. Araha ba ta ado.

Don haka kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku da bakinka: ana iya dakatar da rajista, kuma nawa ne, sanarwar kwana nawa ake bayarwa kafin a fita, kuma akwai kuɗin shiga na farko daban. Dakatarwar ta fi muhimmanci gare mu fiye da Turawa, domin akwai azumi, akwai tafiya gida ta mako biyar ko shida. Zaurukan galibi suna rufewa wajen ƙarfe goma na dare, in azumi ya faɗo a lokacin dogon yini ba za ka samu zuwa bayan shan ruwa ba. Mai aikin karɓa-karɓa ya tambayi rajistar rana, wadda ke aiki kafin yamma a ranakun aiki, ta fi sauƙin kuɗi kuma zauren fayau yake. Ɗalibi ya nuna katinsa. A tuna kuma kuɗin hayar takalmi yawanci ba ya cikin rajista.

Takalmin shi ne abu na farko da za ka saya, bayan zuwa biyar ko shida. Ka je shago ka gwada da ƙafarka, domin lambar La Sportiva daban take da ta Scarpa, kuma duk sun bambanta da lambar takalminka na yawo. Ka ɗauki mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda yatsu suka taɓa gaba ba tare da zafi ba. Za a samu mai ce maka sai ya matse har hawaye, kada ka saurare shi, wannan na masu gasa ne. In igiya ka zaɓa akwai ƙarin ɗamara da ƙarfen riƙo da ƙugiya, ga kuɗin darasi, don haka farkonta ya fi tsada. Takalmi na hannu ba laifi. Ɗamara ta hannu kuwa a'a, ba ka san abin da ta gani ba.

Zauren kansa, gani ya kori ji. Ka je a daidai lokacin da za ka riƙa zuwa, ba ranar Lahadi da safe ba in da yamma za ka riƙa hawa. Tsakanin shida da takwas na yamma wasu zaurukan sai ka yi layi kafin ka taɓa bango. Ka duba yawan hanyoyi masu sauƙi, domin akwai zauren da aka gina don gwanaye, sabon shiga ya gama nasa cikin awa ɗaya. Ka tambayi duk mako nawa ake sauya madafai. Ka taka katifar ka ji ko akwai rami ko tsaga a mahaɗarta. Ka kalli ma'aikata, suna zagayawa suna gyara wa mutane kuskure ko suna bayan tebur da waya. Mai asma ya lura da ƙurar alli a iska. Fiye da duk wannan, nisa. Zauren da ke minti goma daga gidanka, ko da bai kai wancan kyau ba, shi za ka riƙa zuwa a watan Janairu ana ruwa da iska.

In ka ce in zaɓa maka: matashi mai lafiyayyar gwiwa, wanda ba shi da abokin zuwa kuma lokacinsa ba tsayayye ba, ya fara da bolda, da katin shiga goma, ya koyi faɗuwa kafin ya koyi hawa. In katin ya ƙare cikin mako biyar ko shida, ya koma wata-wata. In ya kai wata uku bai ƙare ba, ya ci gaba da kati, ya huta da cirar banki. Miji da mata, ko abokai biyu da lokacinsu ke haɗuwa, ko duk mai jiki ko tsohon ciwo a ƙafa, su biya darasin igiya tun farko. Mai tsoron tsayi kada ya yanke hukunci daga ƙasa, ya gwada zama ɗaya da malami, ya hau mita uku ya zauna a igiyar ya ji ta riƙe shi. Kwantiragin shekara kuwa sai wanda ya riga ya ga hunturu ɗaya da azumi ɗaya yana zuwa.

Ni yanzu rajistar wata-wata nake da ita a wani zauren bolda kusa da gida, Talata da Alhamis bayan aiki, sannan katin shiga goma a wurin igiya don ranar Lahadi da uwargida. Lahadin da ta wuce na ɗaura ƙulli ina ba ta labarin wani abu da ya faru a wurin aiki, na juya zan kama bango. Ta jawo igiyar ta dawo da ni, ta bi ƙullin da yatsa tana ƙirga layukansa bibbiyu, ta ce, "Malam, bakin igiyar nan ya yi gajere. Kwance ka sake, labarin ya jira."